Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Majigin Horo Birni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki mai cike da gajiya, Malam Ummaru Dandin Mahe, ma'aikacin tsabta mai zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba su taɓa tsinana wa mamacin komai ba sai kallo, rasuwar abokin aikinsa Majigi, wanda aka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da ta wuce, bayan sallar isha'i, a dandalin Horo Birni, yana tsakiyar aiki, daidai lokacin da ruwan farko na daminar bana, 1983, ya fara sauka.

Ba wanda ya san shekarunsa. A ƙasar waje aka haife shi, ya shigo ƙasar nan tun zamanin En'e, lokacin da ake yawo da shi a mota ana nuna wa talakawa noman auduga. Da aka gaji da shi sai aka jefa shi wani sito a Boɗinga, tsakanin karyayyun kujeru da matattun tayoyi, ya yi shekaru yana kwana da jemagu. A nan Ummaru ya tsince shi, ba da daɗewa ba bayan farar hula sun karɓi mulki, yana sabon fitowa daga makarantar koyon aikin tsabta, kansa cike da karatu, jininsa na tafasa. Ya tambayi dalilin da ya sa aka bar abu mai amfani haka yana tsatsa, aka ce masa haka aka same shi. Wannan amsa ta "haka aka same shi" ta fi kowace annoba kisa a ƙasar nan, kuma Ummaru yana roƙon a sa ta a sahun gaba cikin abubuwan da suka yi ajalin mamacin.

Tare da shi aka sami gwangwanayen fim guda biyu. Na farko darasi ne a kan kurkunu. Yana nuna yadda wani ɗan mitsitsin ƙwaro, wanda ido ba ya kamawa, yake yawo cikin ruwan tafki ɗauke da irin tsutsar, mutum ya sha shi bana, baɗi ta fasa masa ƙafa ta fito, daidai lokacin da gona take neman mai ita. Yana kuma nuna maganin abin, wanda bai wuce a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a bakin tulu a tace ruwan ba. Saboda wannan darasi Ummaru ya kwance majigin, ya goge shi, ya sa masa mai, ya ɗaure shi a bayan babur ɗinsa tare da ɗan injin wuta, domin duk damina sai kurkunu ya kwantar da rabin majiya ƙarfin Horo Birni, gero ya tsaya cikin ciyawa yana jiran masu shi su warke.

Gwangwani na biyu ba shi da suna. Tsohon fim ne baƙi da fari, cikin wani harshe da ko Ummaru bai san na wace ƙasa ba ne, kuma labarin wani dodo ne mai kai irin na tarwaɗa da gashin baki har ƙirji, wanda yake fitowa daga wata madatsar ruwa yana kwashe mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Ummaru ya ɗauko shi ne don ya zama tarko. Ya yi lissafin cewa dodo zai tara jama'a, darasi kuma ya kama su. Shekara uku ke nan yana biyan kuɗin wannan lissafi da cinyoyinsa da haƙurinsa.

Mamacin ya kasance mai haƙuri, mai kawaici, marar ƙorafi. Ya sha jijjiga a hanyar Lambara bai taɓa cewa uffan ba. Kafin ya fara aiki yakan yi gyaran murya sau biyu, "ƙaf, ƙaf," irin na dattijon da zai yi magana a gaban jama'a, sannan ya kama karatunsa, "kirrr-kirrr-kirrr," ba ya ɗagawa ba ya saukewa. A gefensa akwai wasu 'yan ramuka da yake numfashi ta cikinsu, fankarsa tana cewa "fuuu" tana fitar da zafin ƙwan da ke cikin idonsa. Bai taɓa bambanta mai riga da mai bante ba. Bai shiga jam'iyya ba, ko da yake kowace ta nemi aronsa. Abin da aka sa masa shi yake faɗa, kuma a wannan zamani ba ƙaramin yabo ba ne a ce wani ya mutu bai taɓa yin alkawarin rijiyar burtsatse ba.

Babban masoyinsa a duniya shi ne Baba Garba tela, mai keken ɗinki a bakin kasuwa, wanda ya naɗa kansa tafintan dodo ba tare da ya san ko kalma ɗaya ta harshen fim ɗin ba. Yakan zauna gab da majigin, ya miƙe wuya, ya riƙa ba kowa a cikin fim ɗin bakinsa. In wani mai kwat ya fito yana ɗaga hannu yana ihu, sai Baba Garba ya ce, "Wanga Bature cewa shi kai, ku dakata in ɗauko takalmina, sabbi na!" In mace ta ƙwala ƙara, ya ce, "Ita ko uwatta taka kira, ta ce ta bar tuwo bisa wuta." In dodo ya juya baya kuwa, sai ya girgiza kai irin na mai sana'a. "Ku dubi bayan wuyanai. Ɗinkin ga ba na gwani ba na. Da ni anka ba aikin, ko uwar dodo sai ta rantse ɗanta na." Duk da haka, in dodon ya leƙo daga ruwa, Baba Garba ne yake fara janye ƙafafunsa.

Mata kan zauna a bayan farin ƙyallen da ake haska fim ɗin a kansa, su kalla daga can, saboda haka komai a juye yake zo musu. Shekara uku Baba Garba da mai ɗakinsa Inna Shatu suna gardama a kan hannun da dodo yake damƙar mutane da shi. Shi ya ce na dama, ita ta ce bahago ne, kuma kowannensu da idonsa ya gani.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa don tarihi. Fim ɗin ba shi da ƙarshe. Tun a sito wutsiyarsa ta lalace. Daidai inda mazan garin suke shiga kwalekwale da wani akwati, suka nufi tsakiyar ruwa don su gama da dodo, sai ƙyalle ya yi fari fat, ragowar fim ɗin ta riƙa dukan jikin majigi, "fat-fat-fat-fat." Kowane lokaci sai dandali ya ɗauki "Ash!" kamar yau aka fara. Kowane lokaci kuma sai su dawo, wai ko Allah zai sa wannan karon ya ci gaba. Mutanen da suke iya zuba wa yankakken fim irin wannan kyakkyawan fata, an ce su tace ruwan da za su sha, sun ce sai sun yi shawara.

Ummaru ya gwada duk dabarar da ya sani. Da farko ya sa darasi a gaba, dodo a baya. Cikin mako biyu jama'a suka gane tsawon darasin, suka riƙa isowa daidai lokacin da yake ƙarewa, har da masu tambaya daga nesa ko an gama wa'azi. Ya juya, ya sa dodo a gaba. Ana cewa "fat-fat-fat" sai kowa ya naɗe tabarmarsa, a bar shi da awaki biyu da wani kurma mai sayar da rake. Daga nan ya ɗauki almakashi da salatif, ya yanka fim ɗin dodo a tsakiya, ya dasa darasin a ciki, daidai inda tsoro ya fi yawa, don kada kowa ya iya tashi. Ba wanda ya tashi. Amma masu fim ɗin darasi sun ɗauki hoton ƙwaron ta madubin likita, ya fito a kan ƙyalle ya kai girman maraƙi, da ƙahoni da ƙafafu yana wutsil-wutsil, sai dandali ya kaure da murna, an ga ɗan dodo. Washegari a kasuwa wani ya dafa kafaɗar Ummaru ya ce, "Malam Dubagari, kwantar da hankalinka. In da akwai irin wanga cikin tabkinmu, ai da tuni mun kama mun yi miya." Shi kuwa Baba Garba, da darasi ya shigo yakan ce makogwaronsa ya bushe, ya tafi neman goro.

Ummaru ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya ɗebo ruwan tafki a kwalba ya ɗaga wa rana. Aka ce masa kakanninmu wannan ruwa suka sha. Ya ce ai su ma da ɗingishi suka tafi. Aka ce yaron nan boko ya ɗauke masa kunya. Aka ce kurkunu rabo ne, in yana jikinka sai ya fito. Ya ce to ai yunwa ma rabo ce, me ya sa ake noma? Aka bar gaishe shi kwana biyu, sannan aka aiko a ji yaushe za a sake nuna dodo.

Ciwon ajali ya fara ne bara, da aka shiga tsuke bakin aljihu. Ƙwan idon majigi ba ya daɗewa, kuma daga waje ake kawo shi. Ummaru ya zagaye shagunan Sakkwato, kowa ya ce babu, an daina shigo da irinsa. Ya kai kuka ofis, aka ce ana dubawa. Ya koma, aka ce wanda ke dubawa ya tafi ta'aziyya. A daidai wannan lokaci motocin 'yan siyasa suna ta kai da komo da lasifika a ka, ba su rasa mai ba, ba su rasa batir ba, kowace ta tsaya a dandalin Horo Birni ta haƙa rijiya da baki ta wuce. Ƙwai na ƙarshe ya fara yin baƙi daga gefe, kamar idon tsohon da farar yana ta fara rufewa. Hasken ya koma ja-ja. Dodo da kansa ya rame. Ummaru ya san abin da ya rage a cikin idon nan bai fi nuni ɗaya ko biyu ba, ga damina a bakin ƙofa, tafki zai cika, mata za su koma ɗiba. Ya rantse sauran hasken ba zai ƙare a kan gashin bakin tarwaɗa ba. Ya cire darasin daga cikin dodo, ya rufe dodo a gwangwaninsa, ya aika Horo Birni cewa ranar Alhamis darasi kawai za a nuna.

Dandali ya cika duk da haka, don ba wanda ya yarda da gaske yake. Baba Garba a kan jaki aka kawo shi. Kurkunu ya fasa masa ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita, ga azumi ya ƙarato, yadukan salla na mutane sun taru a shagonsa, gonarsa kuma ko sassabe ba a yi ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a wurinsa na kullum, gab da majigi, ya miƙe ƙafar, tsutsar naɗe a jikin tsinke, ya lulluɓa da bargonsa. Wannan karon ba shi da ƙafar zuwa neman goro.

Mamacin ya yi gyaran muryarsa, "ƙaf, ƙaf," ya kama aiki. Da ƙwaron ya bayyana sai wani ya yi ihu, "Ga ɗan dodo!" Dariya ta tashi. Ummaru ya buɗe baki zai fara faɗan da ya saba, sai ya ji muryar Baba Garba, ba irin ta tafinta ba.

"Ku bar dariya. Wanga ɗan dodo bara na sha shi. Ga shi nan shina hita."

Ya tallabo ƙafar da hannu biyu ya ɗaga ta cikin hasken. Inuwarta ta faɗa kan ƙyalle, ƙatuwa, kumburarriya, da tsinken da zaren tsutsar yana lilo, ta rufe rabin hoton. Maza suka gani daga gaba, mata suka gani daga baya. Dariya ta ɗauke. Ba abin da ake ji sai "kirrr-kirrr-kirrr." Can sai muryar Inna Shatu ta fito daga bayan ƙyalle.

"Sauke ƙahwar taka, Malam, mun gani. Bari mu ga abin da matar ga za ta yi."

Domin a cikin fim ɗin wata mata ta fito da tulu da ƙwarya da ɗan ƙyalle a kafaɗa. Nan ne wurin da Ummaru ya yi shekara uku yana jiran a kalla.

Sai iska ta kaɗa, aka ji ƙanshin ƙasa, ɗigon farko ya faɗo. Injin wutar yana can nesa a ƙarshen waya, saboda ƙararsa, a fili ba rumfa. Ummaru ya ruga don ya ja shi ƙarƙashin zaure. Ya sha yi wa kowa gargaɗi kada a taɓa majigi, kuma ba wanda ya taɓa saɓawa. Amma a ƙasar nan, rufe dattijo daga ruwan sama ba ya cikin abin da ake kira taɓawa. Baba Garba ya yaye bargon da ke jikinsa, ya ja gindi ya matsa, ya lulluɓe mamacin da shi, ya bar masa ido kawai a waje, ya cusa gefe da gefe da kyau yadda iska ba za ta shiga ba, kamar yadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa. Shi kuma ya zauna ruwa na dukansa.

A kan ƙyalle matar ta shimfiɗa ɗan yadinta a bakin tulu. Ta ɗaga ƙwarya. "Fuuu" ɗin da aka saba ji ya koma nishi. Aka ji ƙauri. Kafin ruwan ƙwaryar ya zubo, mamacin ya yi maganarsa ta ƙarshe, "tas!", duhu ya rufe dandali.

Ummaru ya dawo da tocila, ya yaye bargon. Baba Garba ya ɗago kai, ruwa na bin gemunsa. "Malam Ummaru, ruwa za shi dukanai ina zaune ina kallo? Baƙo na hwa, kuma ya girme ka." Ummaru ya duba cikinsa ko zai sami faɗan da zai yi, ya tarar ya ƙare. Ya mayar wa tsohon bargonsa a kafaɗa, ya ce, "Allah shi saka, Baba. Rufa, kada sanyi shi kama ka." Jama'a kuwa tuni sun watse suna murnar ruwa, suna cewa gobe tafki zai kawo.

Saboda haka mai wannan sanarwa yana so a sani cewa bai ɗora wa Baba Garba alhakin komai ba. Cikin duk waɗanda suka ci moriyar mamacin, shi kaɗai ya taɓa ba shi wani abu nasa. Masu alhaki sun san kansu. Suna nan a kan kujerunsu suna dubawa.

Marigayin ya rasu ya bar injin wuta guda ɗaya, wanda shi ma tari yake yi, da doguwar waya mai ɗauri a wuri bakwai, da babur wanda kariyarsa ta lanƙwashe saboda ɗaukarsa. Ya bar fim ɗin darasi, wanda aka kalla da gaske sau ɗaya tak, shi ma ba a kai ƙarshe ba. Ya bar dodo maraya a cikin gwangwani, har yau ba a kashe shi ba. Ya bar farin ƙyallensa. Ya kuma bar Ummaru, wanda ya shigo aikin nan yana gudu, yanzu kuwa ko tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma gaskiyarsa. Ba za a mayar da gawar sito ba, don ba a binne mutum sau biyu a rami ɗaya. Za ta zauna a ɗakin Ummaru, a kan akwati, ko wata rana ƙasar nan za ta sake iya sayen ƙwan fitila. Wasu sun ba da shawarar a naɗe ta cikin farin ƙyallenta a matsayin likkafani. Ba za a yi ba. An riga an wanke ƙyallen, an sa masa almakashi, Baba Garba yana kalmashe bakin kowane yanki da allura a hannu, tun da ƙafa ta ƙi.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da hantsi a bakin tafkin Horo Birni. Ba goro, ba gumba, ba shimfiɗa. Kowace mace ta zo da tulunta da ƙwaryarta, za a ba ta yankinta na abin da mamacin ya bari, a kuma ƙarasa mata da hannu abin da matar cikin fim ba ta samu ta ƙarasa ba. Mazan da suka shekara uku suna tambayar yadda ake gamawa da dodo su ma su zo su tsaya daga gefe su gani. Masu niyyar cewa "sai haƙuri" suna iya aiko da ita daga gida, an tara da yawa.

Ummaru ba ya sa ran taro. Ya san garinsa. Zuwa yanzu Inna Shatu ce kaɗai ta zo, tun ba a kira ba, ta karɓi nata, ta juya shi gaba da baya, ta gwada a kanta, ta ce yadin mai kyau ne amma an yi rowa wajen yanka. Ana sanar da sauran mata tun da wuri, don kada a zo ana gardama a bakin ruwa, cewa da gangan aka yi. An auna kowane yanki da bakin tulu, kuma duk dabarar mace ba zai isa ɗaurin kai ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma bar mana ƙafafun da za mu nome ta.